Awon Tudu da Kwari a Maraɗi

Awon ƙasa ne sana'ata, kuma a Legas nake cin abinci da ita. Yawancin aikin da ke zuwa mana na bakin teku ne: filayen Lekki, gefen Badagiri, wuraren da ake cikewa da yashi don a kafa gini. Duk mai kuɗin da ya kira mu, tambayarsa ba ta wuce biyu: ina iyakar filina, kuma mita nawa yake sama da ruwa? Mahaifiyata kuwa 'yar Maraɗi ce, can danginta suke. Washegarin ruwan sama mai ƙarfin da aka yi a Maraɗi ranar Juma'a 30 ga Agustan 2024 Kawu ya kira ni ya ce katangarsa da ɗakuna biyu sun kwanta, amma Allah ya tsare, ba a rasa rai a gidan ba. Na yi masa jaje ta waya, na ce ina tafe. Aiki bai sake ni ba sai da kaka ta yi.

Daga Legas zuwa Katsina babu abin faɗa sai gajiya. Na kwana a Katsina, da sassafe na shiga motar Jibiya, don direbobin wannan hanya ba sa son yamma ta same su a kanta, kowa kuma ya san dalili. Iyakar Najeriya da Nijar da aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an buɗe ta tun watan Maris na 2024, motoci na wucewa, ko da yake 'yan kasuwar da muke tare sun yi ta cewa hada-hada ba ta koma yadda take ba. Ni hankalina yana kan ruwa. Ruwan da ke wucewa ta gefen Maraɗi ta nan yake bi. A ɓangaren Najeriya kogin Gada ake ce masa, a kansa aka gina madatsar Jibiya da aka kammala a 1989. In ya ƙetare iyaka sai ya zama Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tibiri, ya karkata ta wajen Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya shiga Rima. Daga can sai kogin Kwara, daga Kwara sai teku. Mutanen Jibiya ma sun san halinsa, don ambaliyar Yulin 2018 ta kashe mutane da dama a garin cikin dare ɗaya.

A Ɗan Isa muka tsaya wajen duwan, wato kwastan, da jandarmomi, aka duba takardu, na canza 'yan nairorina zuwa sefa. Daga nan hanya ta miƙe. An girbe gero, dammuna jingine a gonaki, mata na roron wake, gawo ya fara sabon ganye yadda ya saba in damina ta juya baya. Da muka iso Jiratawa sai ido ya huta da koren zogale da lambunan noman rani. Wanda ya saba da awo ba ya iya zama cikin mota bai lura da hawa da gangara ba, kuma abin da na lura da shi shi ne hagu kwari ne, dama tudu. Maraɗi a kan tudun take, gulbi yana kwance ƙasa da ita ta yamma.

Ba can aka fara kafa ta ba. Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, cikin kwarin suka zauna, kusa da ruwa da duhuwar daji, inda mahayin doki ba ya shigowa da sauƙi. Sarautar Katsinar Maraɗi daga nan ta ci gaba. Garin ya yi fiye da shekara ɗari a ƙasa, har ambaliyar 1945 ta rushe shi, Turawan Faransa suka sa aka hau da shi tudu, aka yanka tituna a miƙe, unguwanni irin su Bagalam da 'Yandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi suka hau da sunayensu. Ban zo yabon mulkin mallaka ba. Zamani ne da maganar kwamanda ba ta da musu, kuma tashin gari ba ya rasa hawaye. Amma ta fuskar sana'ata, wannan ita ce shawarar awo mafi girma da aka taɓa yankewa a Maraɗi: an dubi inda ruwa ya kai, aka ɗaga mutane sama da shi. Shi ya sa duk ɗan Maraɗi ya tashi da sanin cewa gulbi yana ƙasa, shi yana sama, ruwa ba zai hau ya same shi ba.

Kawu na samu zaune a zaure, an kafa zana inda katanga take a da. Muka gaisa, na sake yi masa jaje baki da baki, Inna ta aiko da fura da kwaɗon zogale. Sai da na ci na sha, sannan ya kama hannuna ya kai ni tsakar gida ya nuna mini bangon ɗakin da ya tsira. Ga zanen ruwa nan a jiki, layi miƙaƙƙe, ya kusa kai mini ƙugu.

"Ɗana," in ji shi, "ruwan ga ba daga gulbi sunka zo ba. Gulbi yana wurinshi. Daga sama sunka zo, sunka biyo titi, sunka shigo ta zaure. Kahin mu hidda yara, tabarmi na yawo. Ni abin da ya ɗaure mini kai, gidan da ke kallon nawa ko dokin ƙoharsu ba su hau ba."

Ruwan ranar, bisa abin da hukumomi suka sanar, milimita 150 ne cikin awa ɗaya da rabi, kuma aƙalla mutum 15 suka rasu a cikin garin. Wanda bai saba da lissafin ba zai ga milimita ƙaramin abu ne. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Fili mai mita 20 tsawo da 20 faɗi, irin na Kawu, lita 60,000 ya karɓa, wato duro 300 na lita 200, ban da wanda titi ya kawo masa daga gidajen sama. Maraɗi a shekara guda wajen milimita 500 take samu, ke nan kusan sulusin ruwan shekara ya sauka kafin a gama dafa tuwo. A daminar nan mutanen da ambaliya ta kashe a faɗin Nijar sun haura 300, jihar Maraɗi ce ta fi yawan mamata, waɗanda abin ya shafa sun wuce miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun zama masaukin waɗanda suka rasa gidaje. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na ƙarni na 19 ya faɗi a farkon Satumba.

Irin wannan ruwa ko wane gari zai jigata. Amma tambayar Kawu ita ce ta tsaya mini a rai: don me gidansa, ba gidan da ke kallonsa ba? Wannan tambayar awo ce, kuma tana da amsa.

Ɗan Kawu na biyu yana karatun labarin ƙasa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Bayan isha'i ya kawo kwamfutarsa ya ce, "Yaya, ka duba, ai akwai taswirar tudu da kwari ta duniya duka, kyauta ake saukewa." Ya buɗe mini Maraɗi, launi-launi, gulbi ya fito sarai, tudun gari ya fito, har manyan koramun da ke gangarawa ana ganin alamarsu. Na san wannan taswira sani na ƙwarai, don da ita muka fara koyon aiki. A watan Fabrairun 2000 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Endeavour ɗauke da na'urar rada, ya yi kwana 11 yana zagaya duniya yana auna tsayin ƙasa, ya kama kusan kashi 80 cikin ɗari na doronta. Kashin da ya fi kyau na Afirka sai a 2014 aka sake shi ga kowa. Aiki ne babba, ƙasashe matalauta da yawa ba su da wata taswirar sai ita. Sai dai ta yanka duniya gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo da 30 faɗi, ta ba shi lamba ɗaya tak. Na sa yaron ya matso da hoton har kan unguwarsu. Gidan Kawu da titi da gidan da ke kallonsa duk suna iya faɗawa cikin gida ɗaya, lamba ɗaya. Kuma lambar kanta tana iya kaucewa da mita da yawa, domin rada ba ta bambanta ƙasa da rufin ɗaki ko kan itace; abin da ta fara taɓawa shi take rubutawa. Neman bambancin rabin mita da ita kamar auna zinariya ne da ma'aunin buhun gero.

Mu na bakin teku wannan aibin ya fi cin mu. A watan Oktoban 2019 masu bincike na cibiyar Climate Central a Amurka suka fitar da gyararriyar taswirar gaɓar tekun duniya, bayan sun rage kuskuren rufi da itatuwa. Da tsohon awo ana cewa mutum wajen miliyan 80 ne ke zaune a ƙasar da ambaliyar teku za ta riƙa hawa duk shekara nan da 2050. Da sabon awo sai adadin ya koma miliyan 300. Teku bai ƙaru cikin dare ba, mutanen ma suna inda suke. Ma'auni ne ya ɗauka suna tudu alhali suna kwari. Tun farkon ƙarni na 20 zuwa yau teku ya ɗaga da kimanin santimita 20, taƙi ɗaya ke nan, kuma a garin da yake shimfiɗe kamar Legas taƙi ɗaya yana raba unguwar da za ta kwana a bushe da wadda za ta kwana a tsaye. Shi ya sa masu hali suka koma awo da hasken leza: jirgin sama ya bi ta kan gari yana harbo haske sau dubbai a daƙiƙa, ana lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, wani hasken yana ratsa tsakanin ganye ya taɓa ƙasa, a tace gini da itace, a bar ƙasa tsirara. Kuskurensa ba ya wuce santimita 10 zuwa 15 in an yi aikin da kyau. Holan, wadda kusan rubu'in ƙasarta yana ƙasa da teku, kuma ambaliyar 1953 ta kashe mata mutum sama da 1,800, ta auna ƙasarta kaf da wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1990, tana kuma maimaitawa, kowa yana iya buɗewa ya ga tsayin ƙofar gidansa.

Yaron ya ce, "To Yaya, mu da ba mu da teku fa?" Na ce masa tsayin Maraɗi ma daga teku ake ƙirga shi, sama da mita 350, ko da yake teku mafi kusa ya fi kilomita 800 nesa. Amma ruwan titi bai damu da wannan lamba ba. Abin da ya dame shi, tsakanin nan da can wane ne ya fi ƙasa.

Ban zo da kayan aiki ba, ba a ƙetare iyaka da irinsu haka kawai. Da safe na aike shi kasuwa ya sayo tiyo mai haske irin na magina, mita 15, da ma'aunin tela biyu, muka yanko sanduna biyu miƙaƙƙu muka ɗaura ma'aunin a jikinsu. Duk magini ya san dabarar: a cika tiyo da ruwa, a fitar da kumfa tas, a ɗaga bakinsa biyu, ruwan zai tsaya daidai da juna komai lanƙwasar da ke tsakani. Mutum ɗaya ya kafa sandarsa a nan, ɗaya a can, kowa ya karanta inda ruwa ya tsaya a jikin tasa, bambancin lambobin shi ne bambancin tsayin wuraren. Muka ɗauki matakalar siminti ta masallacin unguwa a matsayin mafari, tunda ita ba ta motsi, muka bi layin gida-gida, sannan muka zagayo muka dawo kanta don mu ga ko lissafinmu ya rufe. Yara suka biyo mu a baya, wata tsohuwa ta leƙo ta tambaya ko famfo za a kawo.

Abin da tiyo ya nuna bai ba ni mamaki ba, amma ya ba Kawu. Tsakar gidansa tana ƙasa da titi da kamu ɗaya, wajen rabin mita. Ya rantse lokacin da mahaifinsa ya gina gidan hawa ake yi a shiga. Na kuma yarda da shi. Shekara da shekaru ana zuba jar ƙasa da ɓaraguzai a titi don mota ta wuce da damina, yashi na gangarowa daga sama yana kwanciya, shara na taruwa, titi na tashi a hankali, gida na nan inda yake. Gidan da ke kallon nasa sabon gini ne, mai shi ya cike filin kafin ya aza bulo, ya ɗaga harsashi, ya yi dakali. Bai yi laifi ba, gidansa ya kare. Sai dai ruwan da da yake rabuwa biyu yanzu gefe ɗaya ya rage masa. Da muka kai ƙarshen layin sai muka tarar da babban dalili: wurin da ya fi ko'ina ƙasa, inda ruwan unguwar yake fita ya gangara, an ja katangar bulo ta tare shi, an bar 'yar kafa da ba ta fi wuyan tulu ba. Dattawan layin duk sun san kori ne a da, wato hanyar ruwa. Ba wanda ya taɓa rubuta shi a takarda, saboda haka da aka zo rabon filaye, fili ne kamar kowane.

Muka kuma auna zanen ruwa a bango bakwai ko takwas. Ruwa in ya tsaya, samansa a miƙe yake, don haka duk zanen ya fito kusan tsayi ɗaya daga matakalar masallaci. Zurfin ne ya bambanta, wani gida idon sawu, wani gwiwa, na Kawu ƙugu. Wannan zane dukiya ce da ake bari tana lalacewa. A bakin teku bayan kowace babbar ambaliya abin da masu awo ke fara gudu su kama ke nan, don da shi ake gwada ko lissafin kwamfuta gaskiya yake faɗa. A nan kuwa ana ta yaɓe da shafe, kafin wata damina babu sauran shaida. Na ce wa yaron ya tara abokan karatunsa su bi unguwanni da waya, su ɗauki hoto, su rubuta wuri da tsayi, tun kafin magina su rufe.

Da la'asar muka gangara gulbi. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin tudun Maraɗi ba zai ɗauka gangara ce mai sauƙi. Akwai wuraren da ruwan gari ya tsaga ƙasa ya yi rami mai zurfi, bakinsa na zubewa kowace damina, ga gidaje a tsaye dab da shi, wasu an jera buhunan yashi da tsoffin tayoyi ana roƙon ƙasa ta tsaya. Gari yana ƙara girma, rufin kwano da siminti na ƙaruwa, ƙasar da ke shan ruwa na raguwa, duk abin da ya sauka a sama cikin mintuna yake isowa nan da ƙarfinsa. Ƙasa kuwa sai ni'ima. Gulbin ya ja, saura rairayi da 'yan kududdufai, masu lambu na ta gyaran kwami, ga mangwaro, ga rogo, ga amalanken shanu na ɗibar yashi, ga masu bugun tubali. Wani dattijo da muka samu yana hutawa gindin itace, da ya ji abin da ya kawo mu, ya nuna mana da sandarsa wajen da iyayensa suka ce masa tsohon gari yake. Gonaki ne yanzu. Na ce, "Baba, in aka ba ka fili a nan kyauta za ka gina?" Ya ce, "Ni? Nan wurin noma ne, ɗana. Mai gulbi yana zuwa duba kayanshi." Sannan ya juya ya nuna mana sababbin gine-gine da suka fara sauka gangaren, ya yi shiru.

Su wane ne ke gina su? Ba attajirai ba ne. Mutumin da ya tara kuɗinsa shekara goma, ya ga filin tudu ya fi ƙarfinsa, aka kai shi kwari cikin watan Maris ƙasa a bushe ƙayau, aka ce ga mai araha. Ba ya da hanyar sanin cewa nan da wata biyar wurin tafki ne. Mai sayarwa wataƙila ya sani, wataƙila bai sani ba. A Legas na ga irin wannan ciniki har na gaji: a cike fadama da yashi cikin rani, a kafa allo, a sayar. Bambancin kawai, can mai kuɗi yana ɗauko irina ya biya a auna masa kafin ya ba da ko sisi. Talaka a can da nan ido kawai yake da shi, ido kuwa ba ya ganin rabin mita a fili mai faɗi. Ni da nake wannan aiki kullum ba na gani sai da ma'auni.

Da dare abokin Kawu ya zo hira, wani Alhaji da ya yi shekaru yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano kafin a rufe iyakar Nijar da Benin. Da ya ji aikina sai ya ce ya ga da idonsa inda teku ya cinye gidaje gabas da tashar, benaye sun karkata cikin ruwa. Na gaya masa dalili: igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, da aka gina tashar a shekarun 1960 sai ta tare shi, yamma ta yi ta tarawa, gabas ta yi ta ramewa, har sai da aka zo ana jera manyan duwatsu cikin teku don a rage ɓarnar. Ya ce, "Ashe dai katangar ƙarshen layinku ce, babba." Daga nan hira ta koma kan katangar. Matasan layin sun ce su a ba su dare ɗaya da diga. Ban goyi bayansu ba, ba don hakkin mai katanga kaɗai ba. Na ba su labarin Sanluwi ta Senegal. A watan Oktoban 2003 kogin Senegal ya cika yana barazanar shanye garin, hukuma ta sa aka yanka 'yar hanya mai faɗin mita 4 a tsirin yashin da ya raba kogin da teku don ruwa ya fita. Garin ya tsira a wannan shekara. Amma hanyar ta yi ta buɗewa har ta kai kilomitoci, teku ya shigo, ya ci ƙauye, gishiri ya lalata gonaki, masunta da dama suka halaka wajen ƙetare ta. In kuka fasa katangar nan, na ce musu, ruwan layinku duka zai fita lokaci ɗaya. Wa ke zaune a bayanta, kuma ina zai nufa daga can? Ba wanda ya sani. Mu ma tiyonmu bai kai can ba.

Iyakar tiyo ke nan. Yana warware rigimar layi ɗaya, ba ya tsara gari. Maraɗi tana bukatar a auna ta gaba ɗaya, daga jigawar gabas har cikin gulbi, awo mai kama santimita. Ba sai an jira jirgin leza ba in kuɗinsa ya yi yawa. Jirgi marar matuƙi mai kyamara, in aka kafa masa alamomi a ƙasa aka auna su da na'urar GPS ta masu awo, yana ba da abin da ya isa a gari irin wannan mai ƙarancin duhuwa. Izinin tayar da shi a yankin iyaka sai hukuma, kuma daidai ne. Masu ilimin suna nan: Nijar tana da cibiyarta ta taswirar ƙasa, cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974 tana aikin ruwa da yanayi, ga jami'a a cikin garin cike da yara masu son aiki. In aka samu awon, kwamfuta za ta iya zuba milimita 150 a kan garin ta nuna inda zai bi da inda zai kwanta, a san inda magudana za ta yi amfani da faɗin da ya kamace ta, a san filin da za a bari ruwa ya huta a ciki. Magudanar da aka gina ba tare da awo ba na sha ganin ta tana mayar da ruwa baya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda taswirar za ta kwana bayan an yi ta. Na ga taswirori masu kyau da aka kashe musu kuɗi mai yawa suna kulle cikin kwamfutar ofis, ba mai ganinsu sai baƙo mai taro. Ni so nake a buga ta babba, da Hausa, ja da rawaya da kore, a manna a ƙofar mai unguwa da bakin kasuwa, duk wanda za a sayar wa fili ya je ya duba da idonsa tun bai ƙirga kuɗi ba, kuma kada a yanka sabbin filaye sai an aza su a kanta. Na san tana da kaifi biyu. Ranar da aka shafa wa unguwa ja, darajar gidajenta ta faɗi, kuma akwai masu jiran irin wannan dama su kori talaka su cike wurin su gina nasu. Wanda aka ce wa tashi dole a nuna masa inda zai sauka, a tudu, kusa da abin da yake ci da shi. In ba haka ba zai koma kwarin, ya kuma fi da rashin kariya.

Kafin in taho Kawu ya kai takardar awonmu wurin mai unguwa. Aka kira mai katanga, ya zo da takardun filinsa cikakku, ya ce shi saye ya yi, ba wanda ya gaya masa hanyar ruwa ce, kuma nasa gidan ma ya sha. Gaskiyarsa ce. Aka tsaya kan cewa za a auna bayan katangar har zuwa gangare tukuna, sannan a kai maganar ma'aikatar magajin gari a nemi a buɗe hanya da magudana ta siminti, mutanen layi su haɗa abin da za su iya. Kawu kuma ya fasa mayar da ɗakunansa yadda suke. Na yi masa alama da fenti a jikin bangon da ya tsira, taƙi ɗaya sama da zanen ruwa, na ce harsashin bulo da siminti ya kai nan kafin a ɗora tubalin ƙasa, tsakar gida kuma a cike ta sannu a hankali, a bar mata mafita ta gefen da ya fi ƙasa. Ya yi lissafin amalanken jar ƙasa da buhunan siminti, ya ce ɗaki ɗaya zai iya bana, ɗayan sai baɗi in Allah ya kai mu. Tiyo da sanduna da littafin na bar wa ɗansa, shi da abokansa biyu za su ci gaba da bayan katangar ranar Asabar, ya riƙa turo mini lambobin ta WhatsApp ina duba masa lissafi daga Legas.